Idon Jatau da Tukunyar Rana

Da sunan Wanda ya rataye rana ba igiya, ya shimfiɗa ƙasa ba turaku, ya yi wa kowane abu iyaka ya ɓoye ta a cikinsa. Ku gyara zama, ku ba ni aron kunnuwanku. Ni ne Mantau ɗan Jigo, mutumin Tudun Rimaye, can bayan tekun da ba ya ɗaukar jirgi. Na yi yawo har hanya ta gaji da ni, na ga abin dariya na ga abin kuka, amma tafiyar da zan ba ku labarinta yau ita ce wadda na yi saboda idanun wana.

Mu biyu mahaifiyarmu ta haifa, Jatau ne babba. Tun muna yara shi mai haɗa abu ne, ni kuwa mai kwance shi in ga abin da ke ciki, don haka na sha ranƙwashi a hannunsa ba kaɗan ba. Da muka girma ya bi ayari ya yi gabas neman sana'a. Ni na yi kudu neman karatu, na zauna shekaru a gaban Malama Kyauta, wadda makarantarta ke gindin wani ruwa mai faɗowa daga kan dutse. Ba ta koyarwa a ɗaki. A bakin ruwan take zaunar da mu, inda aka kafa wata babbar farfela da ruwan ke juyawa tana niƙa wa gari hatsi. Takan ce mu lura, ba yawan ruwa ke juya farfela ba, faɗowarsa ce. Tafkin da ke kwance, ko ya kai teku girma, ba ya niƙa ko tsaba ɗaya. Zafi ma haka yake, in ji ta. Ba ya aiki sai yana gangarowa daga wuri mai zafi zuwa wuri mai sanyi, kuma tilas a bar masa ƙofa a ƙasa ya fita da rabonsa. Mun yi lissafin wannan a kan rairayi har yatsunmu suka yi kanta.

Wata rana wani falke mai gishiri ya yada zango kusa da mu. Da ya ji sunan mahaifina sai ya ajiye ƙwaryar furarsa, ya ce ya san wani Jatau ɗan Jigo a Birnin Zuwarga, shi ne Sarkin Tukunya a can, kuma ya bar garin ana maganar za a ƙone masa idanu ranar bikin Tsayuwar Rana. Na tambaye shi laifin da ya yi, ya ce shi dai bai ji an ce ya yi sata ko ya kashe wani ba. Na yi sallama da Malama. Ta sa mini albarka, ta ƙara da cewa in riƙa tunawa ba ko'ina ne ake barin mutum ya kai ƙarshen maganarsa ba.

Tsakanina da Zuwarga akwai wani fili da matafiya ke kira Filin Madubai Marayu. Kangon wani tsohon gari ne. Mutanensa sun shuɗe, hasumiyarsu ta rushe, amma madubansu na nan tsaye kan ƙafafun ƙarfe, suna juyawa suna bin rana kamar yadda aka saba musu. Da yake babu inda za su zuba hasken da suka tara, sai ya riƙa yawo a ƙasa, fari fat, kamar kura mai neman nama. Ayari kewaye shi yake yi, ni kuwa ba ni da lokacin kewaye. Ina shiga ban yi nisa ba sai na ji ƙauri, na duba na ga gefen malafata na hayaƙi. Na jefar da ita na faɗa bayan wani dutse. Daga nan inda nake kwance na ƙare wa ƙasar kallo. Ashe ba duka ta ƙone ba. Akwai baƙaƙen hanyoyi da suka toye har yashi ya narke, tsakaninsu kuma ga siraran layukan ciyawa kore shar. Na ce a raina, wutar nan ma tana da al'ada, hanyar da ta bi jiya ita take bi yau. Na tashi na bi ciyawa, ta yi dama in yi dama, ta yi hagu in yi hagu, hasken na giftawa ta gabana da bayana, har Allah ya fid da ni ba abin da na rasa sai malafa.

Birnin Zuwarga yana bakin wani kwari mai kama da ƙwarya, kuma kwarin nan cike yake da madubai daga wannan baki zuwa wancan, sahu-sahu, babu wurin da za a ƙara ko na duba fuska. Dukansu sun fuskanci wata doguwar hasumiya da ke tsakiya. A kanta akwai baƙar tukunyar ƙarfe da ta fi rumbu girma. Hasken madubai na tafasa ruwan cikinta, tururi ya sauko ta bututu ya juya farfela, farfela ta haifi lantarki, lantarki ya bi waya ya shiga gari yana jawo ruwa daga rijiyoyi masu zurfi, yana kunna fitilu, yana sanyaya magani. Tsuntsun da ya yi kuskuren bi ta gaban tukunyar nan gasasshe yake faɗowa. Na ga mata sun kafa tire a gindin hasumiya suna jira, da yaji a hannu.

A ƙofar gari akwai ginshiƙin ƙarfe da wata allura ke hawa da sauka a jikinsa, tana nuna yawan lantarkin da ake samu. An tsaga zane-zane a ginshiƙin, kowanne da suna a gefensa. Na ƙasa tazararsu ta kai taƙi, na tsakiya ɗan yatsa, na sama kuwa sun matse har da ƙyar silin gashi zai ratsa. Can ƙoli, nesa da su duka, ga wani zane na zinariya ba suna. Ina tsaye ina kallo sai na ji murya daga gindin wata tsamiya, inda wasu tsofaffi makafi ke zaune kan tabarma.

"Baƙo, matso ka yi gaisuwa da kyau. Mu nan da ka gani duk sarakuna ne."

Mai maganar sunansa Baba Nomau. Na durƙusa na gaishe su, ya shafa fuskata da hannu, ya ce wannan hancin ya san shi, na gidan su Jatau ne. Shi ya warware mini al'amarin. Ya ce sarautar Tukunya ba ta da naɗi, ba ta da rawani. Ƙaho ne ake hawa da shi kan hasumiya, kuma masu kula da madubai da masu kula da ruwa ba sa bin umarnin kowa sai busar ƙahon nan. Busar ita ce rantsuwa. Duk wanda ya kai shi bakinsa ya yi alkawari zai ɗaga allura ta wuce zanen wanda ya gabace shi. In ya cika, a tsaga sunansa a ginshiƙi. In ya kasa, a zaunar da shi gaban madubi ɗaya ido buɗe, ya yi kallon rana. A zamanin kakanni, in ji shi, alkawarin ba wuya, ka goge madubai ka toshe ɓula, allura ta yi tsalle. Amma tun daga kansa babu wanda ya sake tsallake zanen ƙarshe. Ya ƙirga mini na kan tabarmar da sandarsa, ya ce Jatau ne ake jira, sun ma fara gardamar ko ta wane gefe za a zaunar da shi, don an ce yana da surutu.

Na sami wana a wani ɗaki a bayan fada, an ɗaure masa idanu da baƙin ƙyalle. Al'adarsu ce, wai ido ya yi azumi kafin a ba shi rana. Na yi sallama. Ya karkato kai.

"Mantau? Me ka zo kwancewa?"

Na ce ƙyallen nan na fuskarsa. Ya yi dariya, sannan ya daina. Ya ba ni labarin duk abin da ya gwada. Ya sake bututu, ya shafe tukunya da baƙin da ya fi kowane baƙi, ya ƙuntata bakinta, ya yi ta ƙara mata zafi yana ragewa har ya sami daidai inda allura ta fi tashi, kuma daidai nan ɗin shi ne zanen wanda ya gabace shi. Ya ce shi ya busa da bakinsa, ba wanda ya tilasta shi, don yana ganin hannunsa ya fi na kowa. Ya umarce ni in koma gida in ce wa dangi yana lafiya. Na ce, Yaya, yau kam ba zan ji maganarka ba. Ya ce, da can ji nake yi?

Sarki Tunau, mai mulkin Zuwarga, ba wawa ba ne, kada ku ɗauka haka. Mutum ne mai tsantseni wanda ya tsani ɓarna, irin wanda in tsabar gero ta faɗi a gabansa sai ya sa an ɗauke. Da aka kai ni gabansa na faɗi na yi gaisuwa na nemi idon wana, bai yi fushi ba. Lissafi ya yi mini. Ya ce masana sun auna, in rana ta zuba mudu goma na zafi a kwarin nan, huɗu kawai ke zama lantarki, to ina shida? Ya ce shi da kansa ya je bayan hasumiya, inda ake sanyaya tururi da ruwan kogi bayan ya wuce farfela, ya sa hannu a magudanar ya ji ruwan da ɗumi, yana tafiya abinsa zuwa marina, masu rini na ta murna. Ya ce Sarakunan Tukunya duk bakinsu ɗaya, suna zubar da dukiyar gari, kuma kowanne aka ce ya toshe magudanar nan sai ya ƙi. Zanen zinariyar nan kakansa ne ya tsaga, mudu goma cif, kuma a zamaninsa yake so allura ta taɓa shi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba za ta taɓa shi ba. Ba a zamaninka ba, ba a na jikanka ba."

Fadawa suka yi caa, ya ɗaga musu hannu. Na gaya masa abin da na koya a bakin ruwa, cewa ɗumin da ya ji a magudana ba sata ba ce, kuɗin hanya ne da zafi ke biya kafin ya yi aiki. Na ce ana iya rage shi in aka ƙara wa tukunya zafi, amma tukunyar da ta yi zafi sosai ita ma sai ta fara haske, ta riƙa mayar wa sama abin da aka ba ta. Na ce duk madubin duniya ba zai sa ta fi rana zafi ba, kuma ranar da ta kamo rana a zafi, duk abin da ya shiga zai fita, ba ragowa. Ko da madubai ba su da aibi, ƙarfe ba ya narkewa, farfela ba ta gajiya, abin da lissafi ya bari bai fi mudu takwas da rabi ba, kuma wannan a kan rairayi ne, ba a kan hasumiya ba.

Sarki ya ce ɗan'uwan ɓarawo ba ya rasa hujja. Ya sa aka kawo ƙahon aka ajiye a gabana. Ya ce in busa, in toshe magudana, in allura ta wuce zane idon Jatau nawa ne.

Na ce ba na rantsuwa a kan abin da babu. Ya ce to in shirya jan wana da sanda. Raina ya ɓaci, kuma mutanen gidanmu in ransu ya ɓaci bakinsu ba ya rufuwa.

"Kai ne ka sa hannu a ruwa ka ji ɗumi, ranka ya daɗe. In ka tabbata, ga ƙaho a gabanka. Don me za ka bar sunan baƙo ya hau ginshiƙin kakanka? Ni dai na gaya maka tun yanzu, farfela tsayawa za ta yi."

Wani dattijo cikin fadawa ya matso ya raɗa masa cewa busa rantsuwa ce, kuma al'ada ba ta ware kowa ba. Sarki ya ce ya sani. Ya dubi ƙahon, ya dube ni, na ga yana auna ko tsoro ne ya sa na ƙi. Sai ya miƙa hannu ya ɗauka.

Ranar biki gari ya fito kaf. Aka zaunar da Jatau a gindin hasumiya da ƙyallensa, madubin da za a juyo masa na gefe a lulluɓe. Ni aka tsayar da ni kusa da shi tsakanin dogarai. Da rana ta take tsaka Sarki ya hau, ya busa busar toshe ruwa. Masu kula da magudana suka dubi juna, amma ƙaho ƙaho ne, suka sauke ƙofar. Da fari ba abin da ya canja, har aka fara guɗa. Daga nan sai kukan farfela ya yi kauri. Tururi ya rasa inda zai je, ya taru a bayanta kamar yadda yake a gabanta, ta yi nishi, ta yi tangaɗi, ta tsaya. Jatau ya tambaye ni ina allura take, na ce tana gaishe da zanen kakan kakanni. Famfunan gari suka ƙafe, masu rini suka hau salati.

Sarki ya yi sauri ya busa a buɗe. Farfela ta farfaɗo, allura ta koma mazauninta. Da ya tsaya nan da sauƙi, amma rantsuwa ta riga ta hau kansa. Ya busa a rage ruwan tukunya, a matse hasken madubai wuri ɗaya don ta ƙara zafi. Allura ta yi rawa a kan zanen ƙarshe kamar za ta tsallake, jama'a suka riƙe numfashi. Sai baƙar tukunyar nan ta yi ja kamar garwashi, ta koma ruwan ƙwai, ta doshi fari. Mu da ke ƙasa muka ji zafinta a goshinmu, mutane suka fara ja da baya suna kare fuska da hannun riga, allura kuma ta kama gangarowa a hankali. Na ɗaga murya yadda na sama zai ji.

"Abin da kuke ji a fuskarku, shi ne lantarkinku. Ga shi can yana komawa inda ya fito."

Da ƙarfen ya fara ɗiga sai Sarki ya busa a kau da madubai. Ya sauko rigarsa jiƙe da gumi, gemunsa ya ɗan babbake ta gefe guda. Ba wanda ya yi tari. Cikin shirun nan aka ji ƙwanƙwasar sanduna, sai ga makafin tsamiya sun iso a jere, kowa ya dafa kafaɗar na gabansa. Suka shimfiɗa tabarmarsu suka zauna. Baba Nomau ya muskuta gefe, ya karkaɗe wurin da ya tashi da tafin hannu.

"Ranka ya daɗe, mun share maka wuri. Ta nan inuwa ta fi daɗewa."

Sarki ya sa aka shigar da ni da Jatau ɗakin farfela, ya kori kowa. Muryarsa ta yi laushi. Ya ce abu kaɗan yake nema. In fita in shaida wa jama'a, a matsayina na masani daga nesa, cewa tukunyar ce ke da tsohuwar tsaga, don haka gwajin yau bai zama gwaji ba, kuma mudu goma na nan ana iya kai masa wata rana. In na faɗi haka, in kwance wana mu tafi da raƙuma da guzuri. In na ƙi, a fara da Jatau yanzu, tun rana ba ta karkata ba.

Ba zan ɓoye muku ba, na kusa yarda. Na dubi baƙin ƙyallen nan, bakina ya buɗe. Jatau ya laluba ya kama hannuna ya matse, irin matsar da yake mini muna yara in zan yi ɓarna. Ya ce in na faɗi maganar nan, baɗi wani ne zai zauna inda yake zaune, kuma shi ba ya son idon da aka saya da na wani.

Na ce wa Sarki tukunya ba ta da tsaga, kuma masu kula da ita sun sani. Na ce in ya ƙone Jatau da sunan rantsuwa, madubin ba za a lulluɓe shi ba sai ya gama da mai busar yau, don jama'a duk sun ji ƙaho kuma sun ga bakin da ya busa. Rantsuwa ɗaya ce ta ɗaure su su biyu. Ko ta ci su tare, ko ta sake su tare, ni dai ba ni da wata magana da zan sayar masa.

Sarki ya juya ya dubi farfela. Sannan ya fita ya sa sanƙira ya yi shela cewa Sarki, bayan dogon nazari da gwaji da hannunsa, ya gano cewa rana tana da rabon da ba ta bayarwa, don haka daga yau alkawarin Sarkin Tukunya shi ne ya riƙe allura inda take, kada ta faɗi. Aka yi ta kirari ana yaba hikimarsa. A ƙarshen shelar aka ƙara cewa 'ya'yan Jigo su biyu kada faɗuwar rana ta same su a cikin ganuwa. Baba Nomau ya raka mu har ƙofa. Ya ce ya yi murna, amma da mahaifiyarmu ta yi sauri ta haife ni da shekara ashirin da ya fi murna.

Ban kwance ƙyallen nan da nan ba, don idon da ya daɗe a duhu ba a sakar masa haske gaba ɗaya. Na ja Jatau da hannu muka hau tudu muka gangara, yana ta yi mini faɗa wai ina sa shi tuntuɓe da gangan, har muka sami wata ƙatuwar kuka mai duhun inuwa. Na zaunar da shi ya ba rana baya. Ƙullin ya ƙi, sai da na sa haƙori. Ƙyalle ya faɗi a cinyarsa. Ya runtse, ya buɗe kaɗan, hawaye na zuba, ya sake runtsewa. Na tsuguna a gabansa, ina jiran in ji ko yana gani. Ya ƙura mini ido ya daɗe, daga goshi har haɓa. Sai ya miƙo hannu ya kama gemuna ya ja.

"Furfura, Mantau? Wa ya ba ka izinin yin furfura kafin ni?"